Kwana Uku Ina Jiran Akushi a Tsakiyar Teku

Shekarun baya, saura kaɗan a sami mulkin kai, wata ranar Talata da hantsi bayan an gama yankan gero, na tsaya a Kwanar Dangora ina jiran motar Zariya. Akwai kawuna, da malamai biyu na elementaren Kiru inda nake koyarwa, da mutanen unguwarmu da suka rako ni a kan kekuna da jakuna. Shekarata ashirin da uku. An zaɓe ni in tafi Ingila in koyi aikin rediyo, ni da ban taɓa wuce Zariya ba.

Mahaifiyata ba ta fito ba, amma ta ba kawu saƙo. Da mota ta tsaya sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, uwarka ta ce in ƙara tuna maka. Kada ka zubar mana da mutunci a kan abinci. Baƙo ba ya bin ƙamshin tukunya, inda aka sauke shi nan akushi yake samunsa." Na ce na ji, kuma na riƙe.

Guzurin da ta yi mini, dambun nama da ƙuli-ƙuli, a jirgin ƙasa ya ƙare kafin mu kai Ikko. Duk lokacin da na kwance ƙunshi sai in yi wa na kusa da ni bismilla, su kuwa ba sa cewa sun ƙoshi.

A jirgin ruwa aka haɗa ni ɗaki da wani dattijo ɗan Kudu mai zuwa karatun lauya. Ranar farko da azahar aka kaɗa ƙararrawa. Wani ma'aikaci sanye da fararen kaya ya leƙo ya tambaye ni da Turanci ko zan zo cin abinci. Na ba shi amsar da kowane ɗan mutunci yake bayarwa a tambayar farko, na ce na gode, na ƙoshi. Ya ce to, ya ja ƙofa. Na gyara zama ina jiran ya dawo ya matsa mini, ko a aiko da kwano a rufe kamar yadda ake yi wa baƙo. Ba wanda ya dawo.

Washegari aka sake kaɗawa, safe da rana da yamma. Abokin ɗakina yakan sa kwat ya fita, ya dawo yana sakace haƙori. Sau ɗaya ya ce in zo mu tafi, na ce masa na ƙoshi, shi ma bai maimaita ba. Na san inda ɗakin cin abincin yake, na taɓa wucewa na hango Turawa manya sun kewaye tebur, maza da mata, ana taunawa ana kallon juna. In shiga in ja kujera a gabansu ba wanda ya ja hannuna? Ga kuma tsoron kada a zuba mini naman alade. Na koma ɗaki na sha ruwa.

A rana ta uku na tashi daga sujada sai jiri ya kwashe ni. Abokin ɗakina ya tsorata ya kira likitan jirgi. Likita ya duba idona da harshena, ya tambaye ni ko ina cin abinci sosai. Ta yaya namiji da gemunsa zai ce yunwa yake ji? Na ce lafiya lau. Ya yi rubutu a takarda, sannan ya faɗa mini a fili cewa jibi za mu tsaya a Firitawun ta ƙasar Saliyo, idan jikina bai yi ƙwari ba a can za a sauke ni, a kai ni asibiti, daga nan a mayar da ni gida.

Da ya fita na kwanta ina kallon rufi. Ba asibitin ne ya dame ni ba. Kwanar Dangora nake gani, ina saukowa daga mota da akwatina bayan mako biyu, mutanen da suka bar gonakinsu don rakiyata suna tambaya, "Malam, har an gama Ingilar?"

Da la'asar aka ƙwanƙwasa. Wani tsoho ne mai aiki a ɗakin girki, likita ya aiko shi da ruwan zafi. Ya dubi butata, ya dubi hular da na rataye, sai ya yi sallama da Hausa. Na kusa yin kuka. Ya ce shi Bazazzagi ne, tsohon soja, tun da aka dawo daga yaƙin Bama yake aikin jirgi.

"Kai fa, daga ina?"

"Daga Kiru, Baba."

"Bakano! Shi ya sa. Kai ne mai kujerar nan da kwana uku muna ajiye faranti muna ɗaukewa ba a taɓa ba?"

Na gyaɗa kai.

"Akushi kake jira, ko? A tsakiyar teku? Wa zai aiko maka, matar mai jirgi?"

Ya fita yana dariya. Bayan ɗan lokaci ya dawo da kwano a rufe da faranti, ya ajiye a gabana. Ya ce shinkafa ce da kifi, da hannunsa ya zuba, ba abin da ya taɓa alade. Ya ce bismilla.

Allah shaida ne, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Alhamdulillahi, Baba, na ƙoshi."

"Na sani, ƙoshin ne ya kayar da kai. Ci."

"Wallahi kun wahala."

"Samari, wannan ta uku ce, ba ni da ta huɗu. Ci, kada Zage-zagi su ji an sauke Bakano a Saliyo don kunyar cokali."

Ya juya ya fita, ya ja mini ƙofa don kada in ci a gabansa. Na cinye, amma na rage loma biyu a gefen kwano. Da ya dawo ya gani sai ya girgiza kai, ya ce a nan in ka rage cewa za su yi bai yi daɗi ba. Ya kuma ce ƙararrawar nan ita ce ɗan aiken, sau ɗaya take faɗa, kuma in na zauna a tebur in ce kifi ko ƙwai.

Har yau ban ce maganar mahaifiyata kuskure ce ba. A Kiru daidai take, domin a can mai gida ya san nasa rabin aikin: kai ka ƙi, shi ya matsa. Ni na ɗauki rabina na hau teku da shi, na bar ɗaya rabin a gida. Shi ya sa duk baƙon da ya sauka gidana sau uku ake yi masa tayi, ko da Bature ne.

Jirgi ya tsaya a Firitawun, ba a sauke ni ba. Na yi shekara biyu a Ingila. Ranar da na dawo mahaifiyata ta sa kawu ya tambaye ni ko na riƙe maganarta, na ce na riƙe, kuma har ta rasu ba ta ji sauran labarin ba.