Ƙafafun Karen Kafili

A Sa'alaba, unguwarmu ta Jidda, ba a kwatancen gidana. Duk matar da naƙuda ta kama a lungunmu, ba iƙama, takardar zama, a hannunta balle ta tunkari asibiti, ƙofata ake bugawa. Na yanke cibi, na gasa jarirai, na miƙe ƙafafun da suka zo duniya a tanƙware. Akwai ƙattin da ke tuƙa manyan motoci yau tsakanin Jidda da Makka, in ka ga tafiyarsu ɗoɗar, to aikin hannun nan ne. Ban taɓa zama gaban allo ba, amma ƙashin jariri na san karatunsa.

Shekarar da nake ba da labarinta, matar autana na ɗauke da cikin fari. Uwarta na can Damagaram, ba ta da hanyar zuwa, saboda haka wankan jego da gashin jariri ni suke jira. Tun cikin bai fito ba na tanadi man kaɗanyata. Jika daga auta, a ganina babu mai yi mini takara a kansa.

Autan nawa direba ne a gidan wani Balarabe, kafilinsa da ya tsaya masa a takardar zama, can arewacin gari. Sai mutumin ya sayo kwikwiyo daga Turai, irin da suke kira mastif, ya ce yaron ya ajiye sitiyari ya koma rainonsa. Wai akwai gasar da ake yi wa karnuka, a jera su kamar ƙawayen amarya a zaɓi wanda ya fi kyau. In kwikwiyon ya isa shiga, autana ne zai riƙe igiyarsa duk inda za a je. In bai isa ba a sayar da shi, yaro ya koma jiran matar gida a ƙofar kanti cikin rana.

Wata Juma'a ya shigo mini da waya a hannu, ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Ummi, dubi bidiyon nan."

Na duba. Wani abu ne mai launin ƙasa, fuska baƙa duk tamoji kamar tsohon da aka hana goro, dagi kuwa faifai guda. Kusa da shi wani mutumin Sham mai furfura, shi ne wai alƙalin karnuka. Ya durƙusa ya jera wa kwikwiyon ƙafafu daidai da juna, ya ɗage masa leɓe ya leƙa haƙora, ya bi gadon bayansa da tafin hannu. Sannan ya sa autana ya ja shi da ɗan gudu, su je su dawo, shi yana tsugune yana kallon ƙafa.

"Ya ce kai ya yi, ƙashi ya yi, baƙin fuska ya yi. Ƙafafun gaba ne matsalar. Kin ga yadda dagin ke kallon waje?"

"Na gani. Gwame ne."

"Ya ce a ba shi lokaci. Ƙila in ƙirji ya buɗe su miƙe, ƙila kuma a'a."

Sai ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya kama hannuna yana murzawa, abin da ya daɗe bai yi ba. Na ɗauka maganar matarsa zai yi.

"Ummi, da za ki ɗan gasa mini shi."

Na janye hannuna. Na ce, "Hannun da zai karɓi ɗanka, shi kake so in ɗora wa kare?"

"Akwai safar hannu, ya Ummi."

"Kai wa uwar karen safar, ta gasa abinta."

Ya yi dariya, ya ce halas, shi ke nan, ya sumbaci goshina ya fita. Na zaci magana ta mutu.

A ƙarshen lungunmu akwai wata tsohuwa 'yar Cadi. Ta zo Jidda bayana da daɗewa, kuma riƙe mini tasa ta yi har ta ga yadda ake yi. In ina wani gidan aka rasa ni, ita ake kira, wato maneji. Tana da ɗan fili a bayan gidanta inda take kiwon tantabaru. Ba a jima ba sai na fara ganin motar kafilin autana a ƙofarta.

Na hau soro shanya, ba don komai ba, shanya ce ta kai ni. Daga can ana ganin filin. Ga ta zaune a kan kujera 'yar tsugunno, safa har gwiwar hannu, ruwan zafi na tururi a roba. Ga kwikwiyon ya miƙe a kan buhu ya ba ta ƙafa, yana nishi kamar alhajin da ake yi wa tausa. Tana matse tsumma, ta naɗa masa, ta kama daga gwiwa ta ja ƙasa, tana yi masa waƙa da Larabcinsu na can. Autana kuwa, wanda bai taɓa ɗauko mini butar alwala ba sai na yi magana, shi ke ƙara mata ruwa.

Muka haɗu da ita wajen mai gasa burodi.

Na ce, "Hajiya, na ji kin samu sabon jego. Barka."

"Barka kadai, Yaya. Kuma jaririn nan ba ya tsanyara, dangin uwarsa ba sa tsaya mini a ka."

"Da hannun nan kike cin abinci?"

"Da shi. Malam ya ce a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa wa baki ake wankewa. Ki tambaya."

Na kuwa tambaya. Malamin ya ce haka ne. Ban taɓa jin haushin fatawa irin na ranar ba.

Daga nan tuwona ya fara kwana. In yi miyar kuka da man shanu, irin wadda yake lashe kwano, ya leƙo ya ce, "Na ci a gidan Khala." Khala dai kowace tsohuwa ana ce mata a garin nan, ban damu ba. Sai wata rana na ji ya ce, "Inna ta ce a rage masa nama, nauyi na danne ƙafar." Na waiga in ga wace Innar, don ni dai ban faɗa ba.

Karen kuwa girma yake yi ba tsari. Wani lokaci bayansa ya fi gabansa tudu, kamar motar da aka ɗaga za a canza mata taya. Wani lokaci kai ya yi wa jiki yawa. Yawu kamar an buɗe famfo. Duk wadda ta zo gaishe ni sai na gaya mata gwame in ƙashi ya fara ƙwari ba ya miƙewa, ko wa ya gasa. Ban roƙi Allah ya karya shi ba, ni ba muguwa ba ce. Na dai ce Allah ya bar shi yadda ya halicce shi. Abin da ke cina a rai shi ne, in ƙafar nan ta miƙe, wa yaron nan zai miƙa wa ɗansa ranar da aka haife shi?

Ranar da alƙalin zai sake dubawa, autana ya ce lallai sai na je. Na sa abayata mai kyau na fito bayan la'asar. Ina buɗe ƙofar gaba ta mota sai na tarar da 'yar Cadi a ciki.

"Yi haƙuri, Yaya, gwiwata ce ba ta lanƙwasuwa a baya."

"Ki gasa ta mana," na ce, na shiga baya kusa da surukata, wadda cikinta ya tsufa har tana zama a karkace.

Gidan hutun kafilin can wajen gari yake, fili ne mai yashi da 'yan bishiyoyin dabino. Aka ba mu kujeru a inuwa. Da aka fito da karen sai da na gyara zama. Ya kai maraƙi. Mutumin Sham ya yi duk abin da na gani a waya: ya jera ƙafafu, ya leƙa baki, ya shafa baya, ya auna faɗin ƙirji da hannu biyu. Ya ce yalla, autana ya ja igiya suka tafi da gudu suka juyo.

Ni na san miƙaƙƙiyar ƙafa, kuma ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Ƙafafun nan biyu suka taho kamar taɓare, dagi na kallon gaba.

Alƙalin ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce haƙoran ƙasa sun ɗan gota na sama, amma a irinsu ana yafe wannan. Ya ce har yanzu bai iya tsayuwa ba, yana zubewa kamar buhu, sai an koya masa. Amma kare ne na gasa, a riƙe shi. Autana ya rungume wuyan dabbar nan, yawu har kafaɗarsa. Ya saki, ya taho da sauri wajenmu. Na fara gyara mayafi. Kan 'yar Cadi ya fara sumbata.

Kafilin ya tambayi abin da aka yi wa ƙafar, yaro ya kwashe labarin ruwan zafi da tsumma ya faɗa. Alƙalin ya yi dariya. Ya ce ƙirji ne ya buɗe, da kuma tafiya a kan yashi maimakon santsin tayil. Tausa ba ta cuce shi ba, iyakarta ke nan.

Shekaruna a ƙasar nan sun isa in ji Larabci, amma da muka shiga mota sai na ce wa surukata ta maimaita mini da Hausa, wai kunnena ya yi nauyi. Ta maimaita a hankali. Na ce ta ɗaga murya.

"Shi littafi ya sani, Ummi," in ji autana, idonsa a kan titi. "Ni na ga hannun Inna da idona."

Tun da nake ban taɓa goyon bayan mai littafi a kan mai hannu ba sai ranar.

Surukata ta sauka lafiya a asibiti, mace. Kafin su iso gida na riga su, na ɗora ruwa, na shimfiɗa zane a cinyata. Ban jira a miƙo mini ba, hannu na sa na karɓa. 'Yar Cadi ta zo barka, ta zauna daga bakin ƙofa, ba ta taɓa komai ba, wannan kam zan faɗa mata. Na matse tsumma, na shafa man kaɗanya, na kama 'yar ƙafar daga tafi zan hau sama, yadda na yi wa uban, yadda na yi wa rabin unguwar.

Uban yana tsaye a kaina.

"Ummi, daga gwiwa ake kamawa a ja ƙasa. Haka Inna take yi masa."

Mai jego ta juya fuska bango. Ita kuwa ta bakin ƙofa ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Kai, bar uwarka," in ji ta. "Ai a wajenta na gani."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A ɗakin jikata, a ce ita ce mai karɓar mini faɗa.

Na ce, "Fita. Namiji ba ya tsayawa wajen gashi. Ke kuma Hajiya, kunun mai jego na kan wuta, ki taimaka ki duba mana kada ya kama."

Suka fita su biyu, yana riƙe mata labule. Na gama aikina daga tafi zuwa cinya, ƙafa da ƙafa, yarinya ta yi kukanta ta gaji ta yi luf. Uwar ta yi barci. Na saurara, na ji muryoyinsu can a kicin. Sai na kama 'yar gwiwar na ja ƙasa sau ɗaya, don dai in ji abin da ake ta yabo. Ba wani abu ba ne.