Koren Tsatsa a Bakin Waya

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Laraba, mu uku ne a ƙofar shagona a Ƙofar Marusa: ni mai gyaran wayar mota, da wani akawu maƙwabcina, da mahaifiyarsa a kujerar bayan motarsa. Turo motar aka yi. Tsohuwar za ta hau jirgin alhazai a Kano da la'asar, mota kuwa ta ƙi tashi.

Shekarar ƙarin albashi ce, ma'aikata da yawa sun sayi mota, har da shi. Na buɗe bonet, na ga inji yana ƙyalli.

"Malam, da mi kake wanke shi?"

"Ruwan rijiya da garin sabulu, duk Jumma'a."

"To, tsaftarka ce ta kwantar da ita."

Ya kai hannu zai fizge wayoyin injin gaba ɗaya, na buge hannun, don in suka cakuɗe sai mu wuni. Da farko na cire kan batir. Sannan na zare waya ɗaya tak, bakinta ya yi kore da tsatsa. Na kankare da samfefa, na goge da fetur, ta bushe, na shafa giris kaɗan, na mayar. Sai ta gaba. Guda tara ne.

"Ɗan nan, zan samu jirgin?" in ji tsohuwar.

"In Allah ya so, Inna."

Takwas da rabi mota ta tashi, suka kama hanyar Kano.

Mai karatu, ina roƙonka kada ka watsa wa inji ruwa. In za ka cire waya kuma, cire ɗaya-ɗaya.