Tokar Don Baldomero

Don Baldomero Oyarzún (mu nan "Don" laƙabin girmamawa ne), maƙwabcina a garin Valdivia, shekara talatin ya yi yana buga hatimi a gidan waya. Ranar da ya yi ritaya sai ya wayi gari masanin furanni. Masani fa! Mutumin da ko albasa bai taɓa dasawa ba.

A bayan gidansa akwai tsohuwar bishiyar kameliya mai jan fure, tsayinta ya kai rufin ɗaki. Surukarsa ce ta dasa ta shekarar da ta haifi Ercilia, matar tasa. Duk watan Agusta, lokacin da ruwa da sanyi suka hana kowane fure fitowa sai ita, Ercilia kan yanko ta kai kabarin uwarta. Shi ko sau ɗaya bai taɓa raka ta ba, wai laka na ɓata masa takalmi.

"Wannan ai furen kowa da kowa ne," in ji shi. Ya je ya sayo fararen kameliya guda uku masu tsada, ya jera kusa da jar.

Mu nan murhun itace ba ya mutuwa, toka kuwa lambu ake kai ta, dankali na so. Amma kameliya ba ta shiri da toka, kowace tsohuwa a layinmu ta sani. Kullum da safe sai ga gogan da bokiti yana zazzaga musu.

Na leƙa ta shinge na ce, "Maƙwabci, raba su da tokar nan."

"Doña Clorinda, kakana da toka ya yi noma a tsibirin Chiloé."

"Dankali ya noma."

"Ke dai ji da kajinki."

To, na ji da kajina. Ganyen fararen ya yi rawaya, ya ce yunwa ce, ya ƙara toka. Suka bushe ƙayau. Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa sai ya ce tsohuwar bishiyar ce ta cinye musu abinci. Ercilia na tafiya Osorno wurin ƙanwarta, ya haƙa rami ya zagaye bishiyar, ya datse saiwoyinta, ya cika ramin da toka. Har kirana ya yi in ga aiki. Na ji kamar in kwaɗa masa shebur ɗin.

Agustan nan ko fure ɗaya ba ta yi ba. Kafin Kirsimeti ta zama itacen wuta.

Ercilia ba ta yi masa faɗa ba, ni kuwa na so ta yi. Gidana ta shigo, don tawa kameliyar daga reshen ta uwarta aka samo ta. Na ba ta wata ƙarama da ta riga ta yi saiwa a gwangwani.

Gogan yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, ya tare matar tasa. "Kawo in zaɓa miki wuri, tsohuwa."

"A'a. A kabarin Mama zan dasa."

"Can kuma? Don me?"

"Can ba ka zuwa."