Ya Kellu da Waƙar Turmi

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gidanmu na unguwar Mafoni ya san yatsan Ya Kellu. Kana zaune kana jin waƙarka a rediyo, ba sallama ba komai, sai ka ga hannu ya ratso ta saman kafaɗarka, ƙit! An kashe. Sannan ta ce, "Shirme." Ta ja lafayarta ta wuce, ƙamshin humra na bin ta. Ta kashe rediyon babanmu, wanda yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ta kashe na direban tasi mota na tafiya. A bikin 'yar'uwarmu Yagana kuwa, kun dai tuna, ana tsakiyar rawa ta zare wayar lasifika, ta nannaɗe ta sa a jaka, ta tafi gida da ita.

To wannan matar ce ta shiga situdiyo ta yi waƙa, da piyano da amshi da komai. Ni aka ja aka tafi da ni, kuma har yau in na tuna sai na riƙe baki.

Shekarar da rikici ya tsananta har aka datse layin waya ce. Rabin layinmu ya watse, wasu Kano, wasu Abuja, wasu ma ba a san inda suka nufa ba. Makarantar da nake koyarwa a rufe, ita kuma turaren wutar da take haɗawa ba mai saye, don amare sun yi ƙaranci. Wata safiya ta aiko a kira ni.

"Fanna, ɗauko littafi da biro."

"Kayan haɗin turare za mu rubuta?"

"Waƙa."

"Ƙasida kike nufi, Ya Kellu?"

"Waƙa na ce miki! Irin ta yaran nan, wadda ake karkaɗa kafaɗa."

Wallahi biron sai da ya faɗi. Na miƙa hannu zan taɓa goshinta in ji ko zazzaɓi ne, ta make ni.

"Lafiyata ƙalau. Waya ba ta shiga, wasiƙa ba mai kaiwa. Amma shirmen nan ina kallonsa, yau yana wayar wannan, gobe an tura wa wancan, jibi yana Kano. To ni ma shi zan hau in je in same su."

"Su wa?"

"Matsorata. Rubuta!"

Ta sa na jera sunayen maƙwabtan da suka gudu a shafin farko, kowa da kwatancen gidansa, wai don kada ta tsallake wani ya ji daɗi. Sannan ta rufe ido ta fara:

Hajja Bintu, kin gudu ba takalmi,
Amma kin iya ɗauke mini turmi.
Alhaji Grema mai cika baki a dandali,
Taya ta fashe, ka ɓuya bayan kwali.
Ku dawo, ku dawo, Mafoni na nan,
Ku dawo, ku dawo, ni ma ina nan.

Na ce, "Innalillahi! Ya Kellu, da sunayensu?"

"Da sunan wa kike so in kira su? Naki?"

Ku tuna fa lokacin da ake ciki. Makaɗa sun ɓoye gangunansu, biki ma a ɗaki ake yin sa shiru kamar zaman makoki. Babanmu da ya ji, ya zo da carbinsa a hannu ya ce, "Kellu, da girmanki? Kin san abin da 'yan ta'addan nan ke yi wa masu kiɗa?" Ta ce, "Yaya, in sun zo ka ce musu su ma akwai baitinsu, ban gama ba ne." Baba ya juya ya fita, ko takalminsa bai sa daidai ba.

Washegari muka hau keke napep zuwa Bulumkutu, inda aka ce akwai wani mai situdiyo. A shingen sojoji aka sauke mu kamar kullum, kowa ya ɗaga hannu sama ya taka. Wani soja ya ce ta buɗe jaka. Ga kasko, ga gawayi, ga kwalbar turare, ga littafi. Ya buɗe shafin farko. Sunaye goma sha huɗu, kowanne da kwatancen gida.

Jama'a, a kwanakin nan takarda irin wannan ta ishi a tafi da mutum, ba a ƙara jin labarinsa. Sojan ya ɗago ya tambaya da gurguwar Hausarsa, "Mama, su wane ne wannan?"

Ta ce, "Mutanen da nake nema ne. Duk inda suka shiga sai na same su."

Na ce a raina shi ke nan, 'ya'yana uku sun zama marayu. Sojan ya ƙwala wa ogansu kira, aka gyara riƙon bindiga, mutanen da ke bayanmu suka fara ja da baya. Ina ta cewa, "Waƙa ce, yallaɓai, wallahi waƙa ce!" Ogan ya kalli tsohuwa mai lafaya da carbi a wuya ya ce, "Waƙa? To yi mu ji."

Ta yi. A tsakiyar titi, rana tsaka, hannuwa a sama. Da ta zo kan Alhaji Grema da kwalinsa, ogan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ya miƙo littafin ya ce mu tafi. Ta ce, "Saura baiti bakwai fa." Ni na ja ta.

Mai situdiyon, Malam Sani, Bakano ne mai 'ya'ya biyar. Ya daɗe da cire allon shagonsa, piyanon ma ya sa a buhu ya cusa a silin. Ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na bar sana'ar nan. Ina son raina."

Ba ta yi musu ba. Ta shimfiɗa gefen lafaya a dokin ƙofarsa ta zauna, ta gyara murya ta ce, "Ba komai, ɗana. A nan zan yi. Duk wanda ya tambaya, in ce gidan mai kiɗa na zo."

Kafin ta kai ƙarshen layin farko ya buɗe ƙofa yana cewa, "Shigo, Hajiya, don girman Allah shigo!"

Ɗakin ɗaukar murya ɗan ƙarami ne, an lilliƙe bangonsa da katifa. Ta shaƙa ta ce warin maza yake yi, ta hura kasko ta zuba turare. Malam Sani ya sauko da piyanon, yana tari, idonsa na hawaye, yana lalubo kiɗa. Abin sawa a kunne kuwa ta ce ba za ta ɗora a kan ɗankwalinta ba, kunnuwan da ba ta sani ba sun shiga ciki. Sai da aka goge shi da humra. Ni da matar Malam Sani aka tsayar da mu 'yan amshi. Ni, malamar makaranta!

Da aka ɗauki baitin farko ya kunna mata, ta yamutsa fuska.

"Wannan ai muryata ce."

"Eh, Hajiya."

"Ba ita nake so ba. Sa min abin nan da ke sa muryar yara ta koma kamar akuya a cikin gwangwani."

Ya danna wani abu a kwamfuta. Muryar Ya Kellu ta fito tana karkarwa tana lanƙwasa. Ni na toshe baki. Ita kuwa ta gyaɗa kai ta ce, "Yawwa. Ƙara akuyar."

Muna baiti na shida aka ji dummm! Ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga silin. Ban san lokacin da na kwanta ba. Malam Sani yana ƙarƙashin tebur, matarsa na salati tana kiran sunayen 'ya'yanta. Da kunnena ya buɗe, me zan ji? Ya Kellu na tsaye gaban makirfo, ta kai ƙarshen baitinta, ta juyo tana hararar mu.

"Ina amshi?"

"Ya Kellu, bam ne!"

"Na ji. A can ya tashi. Ku a nan kuke. Ina amshi?"

Muka tashi muka yi amshi. In kun saurara da kyau za ku ji muryata na rawa a wurin, ba na'ura ba ce.

Littafi ya ƙare, Malam Sani ya kai hannu zai kashe, don lokacin dokar hana fita ya matso. Sai ta ce, "Tsaya. Akwai ɗaya. Cire akuyar. Kiɗan ma rage shi."

Wannan baitin ba ta ba ni na rubuta ba. Abba Gana, ɗanta na ƙarshe, direba ne, ba abincin da yake so irin burabusko. Wata bakwai kafin nan ya ɗauki kaya ya bi hanyar Bama, daga shi har motar ba a sake gani ba. Tun ranar ba ta ƙara ambaton sunansa a gaban kowa ba, mu ma muka daina. Ta riƙe ƙarfen makirfo da hannu biyu, ta yi da muryarta ta gaskiya:

Abba Gana, kai ban ce ka gudu ba,
Burabuskonka na rufe, ban ba kowa ba.

Layi biyu kawai. Aka zo wurin amshi, daga ni har matar Malam Sani ba wadda ta iya buɗe baki. Wannan karon ba ta harare mu ba. Ta yi abinta ita kaɗai, ta kashe kaskonta, ta ce, "Mu tafi, kada a rufe hanya."

Ta hana a sa sunanta, amma wa zai ji turmi bai gane ba? Cikin wata biyu waƙar ta cika wayoyin 'yan keke. Wata ranar Laraba muna zaune sai ga Hajja Bintu ta faɗo gidan ko sallama babu, daga tasha take, ƙafarta duk ƙura.

"Kellu! Ni za ki tona wa asiri? A gidan biki a Kano na ji sunana, mata na rawa suna nuna ni! Turmin banza turmin wofi, ga shi can a keke!"

Ya Kellu ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "Wushe, sannu da zuwa, Bintu. Taɓaryar fa?"

Hajja Bintu ta buɗe baki za ta yi zagi, sai kuka ya ƙwace mata. Suka rungume juna suna yi, suna zagin juna a ciki. Ba ta koma Kano ba. Alhaji Grema ma ya dawo bayan shekara, amma har ya rasu ba ya bin ƙofar gidanmu, zagayawa yake yi, don 'yan layin sun riga sun sa masa Alhaji Kwali. Cikin goma sha huɗun nan, tara sun dawo. Ba na cewa waƙar ce ta dawo da su duka. Ita dai haka ta ce, kuma ba wanda ya isa ya musa.

Abba Gana bai dawo ba. Ta jira shi shekara shida, sannan ciwon kwana uku ya ɗauke ta, a ɗakinta, a unguwar da ta ƙi bari.

Allah Ya jiƙan Ya Kellu, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sanyaya makwancinta. Ya haɗa ta da ɗanta a inda ba a rabuwa. Mu da muka rage, Allah Ya zaunar mana da garinmu lafiya. Amin.