Mutumin da Ya Zo Duba Hita

Ranar Talata ce, sanyi ya fara shigowa. Ba ni da aiki a asibiti ranar. Ƙarfe shida da rabi na dama kunun gyaɗa. Mijina Ishaya ya karanta mana Zabura, muka yi addu'a, ya sha kofi biyu a tsaye. Wata bakwai ke nan da aurenmu. Muna zaune a Beltsville, jihar Maryland ta Amurka, a hawan ƙasa na wani ginin haya.

Aikin Ishaya nazarin halin masu kisa ne. 'Yan sanda su kawo masa hotuna da bayanai, shi kuma ya faɗa musu irin mutumin da za su nema. A lokacin an kashe mata uku a yankinmu, duk da rana tsaka, duk a cikin gidajensu. Ishaya ya ce mai kisan ba ya fasa ƙofa, buɗe masa ake yi. Ranar Lahadi an nuna shi a talabijin yana wannan bayani, da sunansa a ƙasa.

Bakwai da minti arba'in ya fita. Na ji tashin motarsa.

Takwas da minti goma aka danna ƙararrawa. Wani mutum ne da shuɗiyar rigar aiki da akwatin kayan gyara. Ya ce masu ginin ne suka aiko shi duba hita, na'urar ɗumama gida. Na san abin da mijina ya faɗa. Na ji shi ya fi sau goma. Duk da haka na buɗe.

Ya shigo, ya mayar da ƙofa, ya sa sarƙa. Bai kalli hitar ba. Ya ajiye akwatin a kan teburin da muka yi addu'a, ya buɗe. Igiya na gani da bindiga. Ban yi ihu ba. Ina jin firji yana ƙugi.

Sai na ji makulli a ƙofa. Daga baya aka gaya mini Ishaya ya ga farar motar mutumin tana shiga layinmu lokacin da yake fita, ya yi nisa hankalinsa bai kwanta ba, ya juyo. Sarƙar ta tare shi. Ya doki ƙofar da kafaɗa sau biyu, ta ɓalle.

“Rifkatu, ƙofar baya! Gudu!”

Na gudu. Ba takalmi, ciyawa duk raɓa. Ina tsallaka wurin ajiye motoci na ji ƙara biyu, kamar an yar da katako. Ban waiwaya ba.

Hajiya Zuwaira, 'yar Kumasi da ke ginin gaba, tana fitar da shara. Ta fizgo ni ciki, ta kulle, ta tura ni banɗaki.

“Kwanta a baho, 'yata! Kar ki ɗaga kai!”

Tana waya da 'yan sanda, tana salati. Ni ina ƙirga tayil ɗin bango. Takwas da minti ashirin da shida jiniya ta iso.

Ishaya ya cika a asibiti goma saura minti goma. Mutumin ya tsere da rauni a hannu. 'Yan sanda suka kai ni wani otal a can Virginia, da zanin Hajiya a jikina. Kwana goma sha ɗaya ban ɗaga labule ba. Matar fastonmu ce kaɗai aka bari tana kawo mini abinci. Rana ta goma sha biyu aka kama shi. Shekarunsa, aikinsa, zamansa shi kaɗai, duk yadda Ishaya ya rubuta.

Ban koma gidan ba. Matan coci ne suka kwashe kayana. A nan Maryland muka binne shi, mahaifiyarsa a Wusasa tana sauraron waƙoƙin ta waya. Shekararsa talatin da huɗu.

Ina da ciki na sati shida a ranar. Na bari sai Lahadi, bayan coci, in gaya masa.