Norbert Zastrow, Mai Gadin Motocin Da Ke Barci

Duk safiyar Allah, tun daga zubar ganye har narkewar ƙanƙara, Norbert Zastrow zai fito da kofin kofi a hannu, kyanwarsa na biye da shi, ya buɗe ƙaramar ƙofar tsohon siton dankalin da ya gada wajen mahaifinsa. Ko ƙwayar dankali babu a ciki yanzu. Motocinmu ne jere layi biyu, kowacce lulluɓe da mayafinta, suna barcin sanyi don kada gishirin da ake watsa wa titunan jihar Wisconsin don narkar da ƙanƙara ya cinye musu ciki. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa taya, ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, ya shinshina ko ɓera ya yi gida. Fiye da shekara talatin ke nan yana wannan zagaye. A ƙarshen watan nan zai miƙa wa ɗiyar ƙanensa makullan, don gwiwoyinsa sun ce sun gaji. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun yana ji da kunnensa.

Gadin mota ba wani abu ba ne. Jure wa masu motar, nan gizo ke saƙar. Mu mutanen garin nan lafiyarmu ƙalau, muna zuwa coci, muna gaida maƙwabta, amma da an zo batun tsohuwar mota sai ka rantse an kwance wa kowa wani noti a ka.

Ga Duane Kolbeck, mai sayar da kayan aikin famfo. Motarsa ba ta kwana a kan siminti, sai a kan darduma, kuma dardumar daga falon matarsa ya naɗo ta. Shi ne ya yi imani ɓera ba ya son ƙamshin sabulu, don haka yake jera sabulai a kujeru. Ɓerayen Norbert kuwa sun ɗauke shi abin ƙwalama. Norbert bai taɓa gaya masa ba. In ya ga sawun haƙori sai ya sa sabon sabulu, ya ɗana tarko a gefe. Ga likitan haƙorinmu da ke so a kunna wa motarsa rediyo duk Lahadi, wai kada kaɗaici ya kama ta. Ni ma ba a bar ni a baya ba. Tsohuwar a-kori-kurata ba ta tashi in ba a shafa mata goshi an ce “Sannu, Tsohuwa” ba, kuma duk wanda ya ce camfi ne ya zo ya gwada. Norbert yana shafa mata. Na taɓa laɓewa na ji shi da kunnena.

Na ce masa wata rana, “Kai ba ka yi mana dariya a zuci?”

Ya ce, “Arlene, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni da nake hira da kyanwa, wa zan yi wa dariya?”

Amma duk haukarmu idan aka tara ba ta kai rabin ta Wendell Pruss ba. Wendell tsohon mai raba wasiƙu ne, yana da doguwar mota ƙirar Buick shuɗiya da ya saya shekarar da ya yi aure. Motar nan ruwan sama bai taɓa taɓa ta ba. Ko ɗigo. Wanke ta yake da ruwan ɗumi da tsumman jarirai, amma na sama haramun ne. Hadari ya taɓa haɗowa yana wajen biki a wani gari, ya cusa ta a garejin wani baƙo da bai sani ba, ya hau bas ya dawo gida, sai da sama ta washe ya koma ya ɗauko abarsa. Hali zanen dutse.

A sanyin da ya wuce idanun Wendell suka yi rauni. Haske da launi yana gani dishi-dishi, amma fuska sai ka yi magana zai gane ka. Likita ya ce tuƙi ya ƙare, ya mayar da lasisinsa. 'Yarsa Marcy ta shirya ɗauke shi zuwa gidanta a birnin Milwaukee, inda babu wurin ajiye irin wannan motar mai girman jirgin ruwa, aka kuma samu mai saye daga jihar Iowa. Wendell bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, ya sake riƙe sitiyarinta tana tafiya, sau ɗaya, kafin a tafi da ita.

Norbert ya ce wannan mai sauƙi ne. Akwai hanyar gona a bayan sito, filinsa ne, babu ruwan hukuma da shi. Ya ɗauki tarakta ya baje hanyar, ya cike ramuka. Aka sa rana, Asabar ɗin da muke kira Ranar Farkawa, wadda kowa ke zuwa ya yaye wa motarsa mayafi. Washegarinta mai saye zai iso.

Asabar ta zo da ruwa. Ba yayyafi ba, ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun asuba, kuma masu hasashe suka ce sai Litinin. Muka taru a bakin sito da kofi da cuku, kowa ya yi jugum. Ba mai niyyar fitar da motarsa. Wendell na zaune a kujerar direba, ƙofa a buɗe, yana shafa sitiyari.

Marcy ta durƙusa gefensa ta ce, “Baba, ruwa ne fa kawai. Zan goge maka ita da hannuna. In ba ka yi yau ba shi ke nan.”

Ya ce, “Marcy, uwarki ma, Allah Ya ji ƙanta, ba ta iya sa ni fitar da ita cikin ruwa ba. Ba zan ci amanarta a rana ta ƙarshe ba. A bar shi kawai.”

Duane ya ce, “Kai tsohon nan, taurin kai gare ka wallahi!”

Na ce, “Ji mai magana! Mutumin da ke shimfiɗa wa taya darduma!”

Aka ɗan dara, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Ni dai zuciyata ta karye. Na san Wendell. Zai tafi Milwaukee da wannan abu a maƙoshinsa har ƙarshen ransa, kuma ba zai taɓa cewa uffan ba.

Norbert kuwa ya koma gefe. Yana tsaye yana kallon siton daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Can ya ajiye kofinsa ya ce, “A da wurin nan manyan motocin dankali ke shiga su juya su fita. Da babu motocinku a ciki, ai titi ne mai rufi.”

Kowa ya gane, kowa kuma ya yi kamar bai gane ba.

Duane ya ce, “Tsaya, Norbert. Kana nufin mu fitar da namu waje? Cikin wannan ruwan? Da taɓo?”

Norbert ya ce, “Haka nake nufi. Ban taɓa roƙon ɗayanku komai ba, mutumina. Yau na roƙa.”

Ni na fara. Na shafa wa Tsohuwa goshi, na ba ta haƙuri, muka fita. Likitan haƙori ya biyo ni yana ƙunƙuni. Ɗaya bayan ɗaya, motocin da ko ƙura ba a bari ta kwana a kansu suka fito suka jeru a fili ruwa na dukansu. Duane ne na ƙarshe. Ya zagaya tasa, ya sake zagayawa, ya ce, “Wendell, in ta yi tsatsa har kabari sai na biyo ka.” Ya fitar da ita, ya sauko ya tsaya riƙe da lema biyu a kanta, shi kuwa ruwa na bi masa ta wuya. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Norbert ya jera damman ciyawa a jikin bango. Sannan ya shiga ɗakinsa ya fito sanye da rigarsa ta farautar barewa, ruwan lemu mai kashe ido. Ya tsaya gaban Buick ya ce, “Wendell, kana ganina?”

“Ina ganin wani ƙaton lemu.”

“To bi lemun. In ka ga ya yi girma da yawa, taka birki, don ina da jikoki.”

Marcy ta ce, “Norbert, kada ka yi! In ya take ka fa?”

Wendell ya ce, “Ke 'yar nan, shigo ki zauna. Ban taɓa take ko kare ba, ba zan fara da Norbert ba.”

Injin ya tashi. Norbert ya fara tafiya da baya, da gwiwoyin nan nasa, hannu biyu a sama, motar na biye da shi a hankali. Muna cunkushe a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf, muna kallo. Suka kai ƙarshe, Norbert ya jagorance shi ya juya, suka dawo. Da suka iso gabanmu na ga Marcy tana share hawaye, Wendell kuwa gwiwar hannunsa na kan taga, baki har kunne. Ya danna oda ya ce, “Lemu, a sake!” Norbert ya juya ya sake. Ban san sau nawa suka yi ba. Na dai san rigar Norbert ta jiƙe da gumi kamar namu da ruwa, kuma bai zauna ba sai da Wendell da kansa ya kashe injin ya miƙa wa 'yarsa makulli.

Norbert, kai ne wanda ya san cewa abin da mutum ke yi wa motarsa ba don ƙarfen yake yi ba. Kai ne ba ka taɓa yunƙurin yi mana maganin haukarmu ba, ka dai riƙe mana ita amana. Ɗan Zastrow, bango majinginar masu taurin kai, mun gode. Allah Ya ba gwiwoyin nan hutu.

Ku kuma masu karatu, kowa yana da Wendell a unguwarsu, mai wata al'ada da ba ta cutar da kowa sai ban dariya. Ku yi dariyarku, ba laifi. Amma ranar da ta matse shi, ku matsa masa wuri, ko da ku ne za ku tsaya cikin ruwa.

Norbert, makon jiya na kira Milwaukee in gaya wa Wendell za ka yi ritaya. Ya ce in isar maka da saƙo. Wai jikokinsa sun tambaye shi yaya tafiyarsa ta ƙarshe ta kasance, ya ce musu, “Titi sumul, sama a bushe, kuma duk garin ne suka kauce suka ba ni hanya.”