Jirgin da Aka Zana a Tsakar Gida

Ba a daɗe da gama yaƙi ba maigidana ya dawo Toranke hutu, da akwatin ƙarfe cike da littattafai, baƙin mai ya kama hannuwansa har ƙarƙashin farce. Aikinsa a cikin jirgin ruwa yake, irin manyan nan masu kwasar gyaɗa da auduga daga Ikko zuwa ƙasashen Turawa. Ni kuwa babban ruwan da na taɓa gani shi ne kududdufin bayan gari, shi ma kafin tsakiyar rani ya ƙafe.

Tun ranar da ya iso ya gaya mini hutun nan ba na hutawa ba ne. Ashe ba a zama cikakken injiniyan jirgi da fatar baki. Sai mutum ya yi shekaru yana koyon aikin ƙarfe, ya yi watanni masu yawa a teku, manyansa su shaida ya yi, sannan a yarda ya zauna jarrabawa. Ya riga ya ci ta rubutu, saura ta baka. A wannan, wani tsohon injiniya zai zaunar da shi a Ikko, ya miƙa masa fensir, ya ce ya zana duk hanyar da ruwa da mai suke bi a cikin inji, da ka. In bai je ba, babu takardar shaida, shekarun nan duk sun tafi a banza.

Takarda ta yi masa kaɗan, sai ya koma ƙasa. Da na gama shara da safe zai tsuguna a tsakar gida, ya shafe rairayi da tafin hannu, ya dinga ja da yatsa yana ƙunƙuni da Turanci, ya goge, ya sake. Ni ban ga komai a ciki ba sai wahala. Amma matan da ke shigowa daka suna da ido, kuma bakinsu ba ya ajiya. Rannan wata maƙwabciya ta ja ni gefe, da kaza a hammata, wai in roƙar mata shi ya duba mata inda akuyarta ta shiga. Na yi dariya har da hawaye, na kore ta da kazarta. Ban san magana ta riga ta fita ba, wai ɗan gidan Malam ya koyo bugun ƙasa a wajen aljanun ruwa.

A kasuwar Gaya labarin ya iske Baba, surukina. Mutum ne da ya haddace Alƙur'ani tun yana saurayi, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar duba. Ya dawo ko ruwa bai sha ba ya kira ɗansa zaure. Ina bayan zana, ina jin su.

"Ikkon nan ka gama zuwanta," in ji shi. "Ga gona nan. Ban haifi ɗan da zai ci abinci da duba ba."

Maigidana bai taɓa musu da mahaifinsa ba, ranar ma bai yi ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Na ji, Baba. Alfarma ɗaya nake roƙo, gobe ka zo ka gani da idonka."

Da hantsi Baba ya shigo ya tsaya, hannuwa a baya. Ni ina ɗakin girki, ina leƙe ta ƙofa, na bar wuta tana ci ita kaɗai. Maigidana ya tsuguna ya fara, wannan karon da Hausa. Nan ruwan teku yake shiga ta cikin jirgi, nan ake tace shi, nan yake zagayawa ya sanyaya inji ya fita. Nan ake dafa ruwan gishiri ya koma na sha, da shi suke alwala. Inji ɗaya, in ji shi, ya fi rumbunmu uku tsawo in an ɗora su, kuma yakan yi makonni bai tsaya ba. Zanen ya ci daga bakin rijiya har gindin turmi. Mutumin da nake yi wa tsiya don bai iya ɗaure tunkiya ba, ashe duk wannan yana cikin kansa!

Sai Baba ya sa ƙafa ya share zanen tas, ya ce, "Sake."

Ya sake, bai tsallake ko layi ɗaya ba. Baba ya nuna wani wuri a tsakiya da sandarsa ya ce ya faro daga nan, ya faro. Ya ce ya komo da baya, ya komo. Can sai na ga tsohon ya tattara rigarsa ya tsuguna kusa da ɗansa, abin da ban taɓa gani ba.

"Wannan ai hadda ce," ya ce a hankali. "Haka malaminmu yake mana." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To kai a ina kake tsayawa?"

Maigidana ya ɗora yatsa can ƙasan zanen. Ya ce wurin yana ƙarƙashin ruwa, teku na saman kansa ta kowane gefe, ƙarfe kawai ke tsakaninsu.

"Subhanallahi," in ji Baba. Ya dafa kan ɗansa. "Tashi ka shirya. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a."

Washegarin tafiyarsa na fito da tsintsiya, sai na tarar an kewaye zanen da ƙaya, yadda ake yi wa dashen mangwaro saboda awaki. Haka muka dinga zagaye shi da tulu a ka har ruwan farko ya wanke shi, kafin ma labarin cin jarrabawar ya iso. Amma a daidai inda maigidana ya ɗora yatsa, Baba ya ajiye wata 'yar tsakuwa fara. Kullum in ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a kanta ya ɗaga hannu, kuma ita ruwa bai tafi da ita ba.